Ƙaramar katafilar da aka haifa a maƙera

A wajenmu duk injin da ke ture ƙasa sunansa katafila, daga sunan kamfanin Caterpillar. Mutanen Kabo da Gwarzo sun daɗe da saninta. Tun da Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa jihar a hanyar gina madatsun ruwa, aka kammala Tiga a 1974, manyan injina suka yi ta ratsa yammacin jihar. Da su aka tara ƙasar madatsun Guzu-Guzu da Magaga a Kabo, da na Pada a Gwarzo, sannan Challawa a Ƙaraye a 1992.

To amma akwai ƙanwarsu, wadda aka fi sani da Bobcat, kuma tarihinta daban ne. A 1957 wani mai kiwon talo-talo a jihar Minnesota ta Amurka, Eddie Velo, ya rasa injin da zai shiga lungunan ɗakin kiwonsa ya kwashe kashi. Sai ya je wurin wasu maƙera 'yan'uwan juna, Cyril da Louis Keller, masu gyaran kayan noma a garin Rothsay. Suka ƙera masa inji mai taya 3 da ke juyawa a inda yake tsaye. A 1958 kamfanin Melroe na North Dakota ya karɓi ƙirar, a 1960 ya fito da M-400 mai taya 4, sunan Bobcat kuma ya zo a 1962.

Ba ta da sitiyari irin na mota. Tayoyin hagu tare suke tafiya, na dama ma haka. In ana son juyawa, sai ɓangare ɗaya ya fi ɗaya gudu, ko ya yi baya, tayoyin su goge ƙasa. Shi ya sa take cin taya, kuma sarƙoƙin da ke juya tayoyin cikin akwatin mai suke saki. Mai tayar da tsohuwa, ya fara duba nan.

Daga shekarun 1970 aka koma tuƙa ta da famfon haidirolik, kuma nan ne matsalar ƙasarmu take. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin famfon ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu in ta shiga man, gogar ƙarfen take yi kamar sanfefa. Zuba mai da ƙazamin mazurari, ko kakkaɓe tsohuwar filta a mayar, kan kashe famfo da wuri, alhali yana cikin kayan da suka fi tsada a jikinta. Littafin injin kan ce a sa giris bayan kowace awa 10 ta aiki, a kuma riƙa share lagireto.

Sai batun rai. Hannuwan da ke ɗaga bokitin mai ne kawai ke riƙe da su. Tiyo ɗaya ya fashe, sun faɗo. Kada bakanike ya shiga ƙarƙashinsu sai ya sa ƙarfen tokare, kuma kada ya lalubi yoyo da hannu, don man kan huda fata. Kwali ake karawa.

Madatsunmu sun manyanta, kuma yawancin aikin da ya rage ƙanana ne: yashe magudanai, loda yashi, kwasar taki. Irin aikin da aka ƙera ta dominsa ke nan. Wanda ya sayo ta hannu, kafin ya tafi Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, ya fara tanadar mai mai tsabta, sabuwar filta da giris.