Daga Shaidar Mai Masauki zuwa Shaidar Takarda: Hausawan Zango a Gana

Tun kafin Turawa su shata iyakokin Afirka ta Yamma, fataken Hausa suna bin hanyar Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ƙarƙashin jagorancin madugu, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata, ya ratsa ƙasar Bargu har ya sauka a Salaga, inda ake sayen goro. A wancan zamani ba a tambayar baƙo takarda. Abin da yake bukata shi ne mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Shaidar mutum ita ce bakin waɗanda suka san shi.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, Hausawa da sauran baƙi suka watsu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Akra. Unguwannin da suka kafa aka kira su zango, wato da sunan wurin da ayari kan yada kaya ya huta. Sannu a hankali zangon kwana ɗaya ya zama mazauni na dindindin. Aka haifi 'ya'ya, aka sami jikoki, aka naɗa sarakunan zango, Hausa kuma ta zama harshen da Bazabarme da Bayarabe da mutumin Mosi ke ciniki da shi.

Samun 'yancin kan Gana a 1957 ya zo da sabuwar tambaya: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Dokar baƙi ta 1963 ta wajabta wa wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar izinin zama, amma ba a tsananta aiwatar da ita ba, mutanen zango da yawa kuwa ba su ga dalilin neman izinin zama a garin da aka binne iyayensu ba. Sai tattalin arziki ya taɓarɓare, rashin aikin yi ya yawaita, aka soma ɗora laifin a kan baƙi.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da izinin zama ya samo shi cikin mako biyu, ko ya bar ƙasar. Wa'adin ya yi kaɗan ƙwarai, domin samun izinin yana bukatar fasfo, fasfo kuma yana bukatar tabbacin ƙasar asali, alhali da yawa ba su da ko takardar haihuwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka fice zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da Bolta ta Sama, wadda ake kira Burkina Faso a yau. Yarabawa ne suka fi yawa cikin 'yan Nijeriyar da abin ya shafa, amma Hausawa da Zabarmawa ma ba su tsira ba. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a kan farashin wulaƙanci, wasu kuma suka nufi garuruwan kakanninsu da ba su taɓa gani ba. A 1970 wata doka ta biyo baya, ta keɓe ƙananan harkokin kasuwanci ga 'yan ƙasa kaɗai.

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Arzikin man fetur ya jawo 'yan Gana masu yawa zuwa Nijeriya, malaman makaranta da teloli da leburori. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba da irin wannan umarni a watan Janairun 1983. Kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya suka koma gida, jakar da suka zuba kayansu a ciki kuwa har yau sunan korar take ɗauke da shi a kasuwannin Nijeriya. Wannan ya faru duk da yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979, domin abin da ta ba ɗan yankin a lokacin shi ne damar shiga ƙasa ba biza na tsawon kwana 90, ba izinin zama ko na aiki ba.

A yau nauyin takarda ya ƙaru. A 2006 aka zartar da dokar hukumar da ke ba da katin shaidar ɗan ƙasa a Gana, katin da yanzu ake nema wajen rajistar layin waya da buɗe asusun banki da biyan haraji, an kuma haɗa shi da tsarin inshorar lafiya na ƙasa. Baƙon da ya daɗe yana da nasa katin na dabam, wanda yake biyan kuɗi ya sabunta. Da yake dokar zama ɗan ƙasa tana duba asalin iyaye da kakanni ne, ba wurin haihuwa kaɗai ba, mazauna zango sun sha kokawa cewa suna ko harshe kan sa a yi musu ƙarin tambayoyi a wurin rajista.

Darasin 1969 bai gushe daga zukatan dattawan zango ba. Shi ya sa suke matsa wa matasa su yi wa jarirai rajistar haihuwa, su kuma adana takardun iyaye kamar yadda ake adana takardar gida. Mai masaukin da zai tsaya wa baƙo yana nan har gobe, amma a gaban ma'aikacin banki ko na asibiti, kati ake fara tambaya.