Wasiƙun Gidan Waziri Buhari da Taskar Kalmomin Sirri

Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato da yaƙi. Cikin abin da ya faɗa hannunsu har da tarin wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan Daula suka riƙa aikowa, wasunsu na ba da labarin motsin Nasara. A 1927 wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya wallafa fassararsu a Legas. Sirrin fada ya zama littafi.

Tara wasiƙun wuri guda ba sakaci ba ne, tsarin mulki ne: ofishin Waziri ne ke kula da mu'amala da masarautu. Rauninsu shi ne, hatimin da ke kan wasiƙa yana shaida wanda ya aiko ta, amma ba ya ɓoye abin da ta ƙunsa. Duk mai Larabci da ya samu shiga gidan, ya samu komai.

Yau ɗan kasuwar da ya taso daga Dagumawa zuwa karar Wudil ranar Juma'a yana ɗauke da irin wannan taska a aljihunsa: asusun banki, imel, WhatsApp. Kalmomin sirrin sun fi ƙarfin hadda, shi ya sa masana ke ba da shawarar manhajar da ke adana su, tana ƙirƙira wa kowane asusu tasa daban. Ta fi taskar Waziri da abu ɗaya: tana rikiɗa abin da ke cikinta ya zama ba ya karantuwa, sai da babbar kalmar sirrin mai ita.

An ga muhimmancin hakan a 2022, lokacin da masu kutse suka kwashe kwafin taskokin masu amfani da LastPass. Kalmomin na kulle, don haka ɓarayin sai sun cinko babbar kalmar kowace taska. Wanda tasa gajera ce, shi ya fi shiga haɗari.

Saboda haka babbar kalmar ta zama doguwa, ta kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa, ba sunan ɗa ko shekarar haihuwa ba, kuma kada a maimaita ta ko'ina. A kunna tantancewa ta biyu, a rubuta lambobin ceto a takarda a adana a gida. Lambar da banki ya turo ta waya kuwa, ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga bankin yake kira.