Ayu da Gaiwa a Tarihin Tafkin Kainji

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai masu yawa na ƙasar Yawuri, aka tashi Gungawa aka sake musu matsuguni. A 1979 kuma gwamnati ta haɗe dajin Borgu da na Zugurma, ta kafa gandun namun daji. Hankalin masu tsarin yana kan namun tudu ne, giwa da ɓauna da zaki; gaɓar Ngaski da Shanga ba ta shiga cikin gandun ba.

A 1992 wani masani a Ostireliya, Daniel Faith, ya kawo wani ma'auni dabam: a duba zurfin asalin dabba da ƙarancin danginta, ba yawan ire-iren da ke daji kaɗai ba. Barewa in ta ɓace, 'yan'uwanta suna nan birjik. Ayu kuwa, iri huɗu kacal suka rage a danginsa duk duniya. Na biyar mafarauta suka ƙarar da shi wajen 1768. Abin mamaki, giwa tana cikin makusantansa. Gaiwa ma, wadda ke numfashi da huhu, take kwanciya cikin laka har rani ya wuce, asalin danginta ya kai shekara miliyan 400.

Da wannan ma'auni aka yi aiki, a ganina, da fadamun Yawuri, inda ake farautar ayu saboda namansa da mansa, sun samu tsaro tun farko.