Faifan CD a Madarumfa: Zuwansa da Ƙarkonsa

Faifan CD da ake iya naɗar abu a kansa ya samo asali ne a 1988, lokacin da kamfanonin Philips da Sony suka fitar da ƙa'idojinsa. A Madarumfa kuwa sai bayan shekarar 2000 ya fara ture kaset, sa'ad da finafinan Kano suka koma kan faifai, fatake na shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa. Wa'azi da bidiyon biki suka bi sahu.

Faifan da aka buga a masana'anta, bayanansa a jikin robar suke. Wanda aka kwafa a shago kuwa, hasken leza ne ke ƙona wani siririn rini da ke ƙarƙashin shafen azurfa ko zinariya, shi ya sa ingancin faifan tun yana fanko ke da muhimmanci. Rinin phthalocyanine ya fi na cyanine jure haske, zinariya kuma ba ta tsatsa. Faifai mai kyau, in an adana shi a inuwa, yakan kai shekaru gommai. Mai araha, wanda masu kwafi suka fi saye saboda riba, yakan fara sarƙewa cikin 'yan shekaru.

Yanayin garin ma bai raga wa faifan ba: zafin bazara na haura digiri 40, ƙurar hunturu na karce shi, ga laimar damina a bakin tafkin garin. Daga baya katin memori da wayar salula suka karɓe kasuwar, masu tura finafinai suka gaji masu kwafi.