Daga Tandun Kwalli Zuwa Kwalbar Koriya

A hunturun bara ana haɗa lefe a wani gida a Zaitawa, gardama ta kaure a kan wata 'yar kwalba da ba ta fi ƙwan zabo girma ba. Ƙanwar ango ce ta jefa ta cikin kayan shafa. Man ido ne ɗan Koriya, in ji ta, na masu busasshiyar fata wadda ba ta jure mai mai zafi. Da aka faɗi kuɗinsa sai gwaggon ango ta ajiye atamfar da ke hannunta ta ce, "Ke 'yar nan, ido ma har da mansa daban? Ina kwalli, ina man kaɗe?" Yarinyar ta ce, "Gwaggo, ai kwallin nan dalma ce a cikinsa." Nan take ɗakin ya rabu biyu. Ina zaune a wurin, kuma tun ranar nake bin sawun yadda aka yi muka iso nan.

Unguwar da aka yi gardamar ta saba da baƙon kaya. Ana danganta sunanta da Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawan da suka zo daga Mali. Tarihin Kano ya sa zuwansu a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, wani littafin kuma na asalin Wangarawa ya kawo shi zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi. Akwai masu cewa Wangarawan ne suka kawo mana sa kwalli tare da addini, tunda hadisi ya kwaɗaitar da shi. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, kuma hujjata tana bakinmu. Suna biyu muke da shi na abu ɗaya. Kwalli daga kuhul na Larabci yake, amma tozali ɗan'uwan tazolt ne na Buzaye. Mutanen da ke ratsa Sahara cikin ƙura da ƙyallin rairayi ba su jira malami ya ce musu su kare idonsu ba. A ganina tozali ya biyo ayarin raƙuma ne a matsayin magani, addini ya zo ya ƙara masa daraja, ado kuma ya biyo baya har muka riƙa kiran duk wani gyaran jiki kwalliya.

Bature Hugh Clapperton ya zauna a Kano a 1824, kuma a cikin kayan da ya lissafa a kasuwar birni akwai dutsen kwalli, wanda ya ce a ƙasar ake samunsa. Ya ɗauke shi antimoni ne, kamar yadda matafiya da yawa suka ɗauka. Amma dutsen nan mai ƙyalli, mai nauyi a hannu, wanda fatake suka daɗe suna ɗaukowa daga wurare irin su Zurak da Arufu a kwarin Binuwai, dutsen dalma ne. Shi na tashi na gani a ɗakin kakata. Takan daka shi, ta niƙa a kan ɗan dutsen niƙa har ya yi laushi kamar toka, ta tankaɗe da ƙyalle, ta zuba a tandu. Tandun nata na fata ne, ya yi baƙi saboda hannu, da ɗan tsinken ƙarfe a bakinsa. Da asuba bayan salla takan ja fatar idonta ƙasa da ɗan yatsa ta zizara sau uku a kowane ido. Mu jikoki kuwa rambaɗa mana take, muna kuka tana cewa idon da ba kwalli idon mara lafiya ne. Jariri kuma tun kafin suna an fara masa.

Ba na jin daɗin rubuta abin da ke biye, amma yarinyar nan ta ɗakin lefe ba ƙarya ta yi ba. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Nijeriya. Da aka bi diddigi sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma awo ya nuna kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton a 2012, har ta ambaci sunayen tiro da tozali da kwalli. Yaro kan murza ido ya kai hannu baki, ta nan gubar ke shiga, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ita ta fi cutuwa. Mu da muka ga abin da dalmar haƙar zinariya ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Masu kare kwalli sukan ce ismidi ne hadisi ya ambata, kuma haka ne, sai dai wanda ke tsugune gaban mai koli ba shi da hanyar gane ko abin da aka ƙulla masa ismidi ne ko dalma.

Sai dai duka ɓangarorin biyu sun manta abu ɗaya. Kwalli na cikin ido ne. Fatar da ke kewaye da ido aikin man kaɗanya ce tun asali. Mata su tsinto 'ya'yan kaɗe da damina, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta bugu da hannu cikin ruwa har man ya taso fari. Mungo Park ya gan shi a ƙasar Bambara a 1796 ya yabe shi, shi ya sa masana tsirrai suka laƙa wa bishiyar sunansa. In hunturu ya kankama, danshin iska a Kano ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi, abin da uwa ke yi shi ne ta lakato man kaɗe ta narka shi a tafin hannu ta murje fuskar ɗanta tun daga goshi har gefen ido. Daga baya basilin, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1872, ya shigo ta kantuna ya ture shi a gidaje da yawa, don kawai ba shi da warin nan da 'yan birni suka fara jin kunyarsa.

A can Koriya ma daga hannun mace abin ya faro. A 1932 wata mata mai suna Yun Dok-jeong tana matse man wani fure tana sayarwa don gyaran gashi a garin Kaesong. Ɗanta Suh Sung-whan ya kafa kamfani a 1945, wanda yau ake kira Amorepacific, kuma a 1966 suka fitar da man shafawa da aka haɗa da saiwar jinsen. Sauran labarin na gwamnati ne da jari: doka ta musamman kan kayan shafa da ta fara aiki a 2000, masana'antun da ke haɗa wa ƙananan kamfanoni kaya, da finafinan da suka kai fuskokin 'yan wasansu ko'ina. A 2010 aka buɗe cibiyar al'adun Koriya a Abuja. A 2024 kayan shafan da ƙasar ta fitar sun haura dala biliyan 10.

To me ya sa man idonsu ya sami kasuwa a lungunan birni? Amsar da aka fi bayarwa ita ce fim da waya: an kalli fim ɗin Koriya Jumong, an koma TikTok, an ga fata sumul an yi sha'awa. Wasu kuma su ce hunturu ne. Hunturu dai ya girmi Dala da suna, kuma kakanninmu sun sha shi da man kaɗe kaɗai. Fim kuwa yana sa a so abu, amma ba ya sa mace ta shiga kanti tana tambayar man da ba shi da zafi. Abin da ya haifar da wannan tambayar, a fahimtata, bilicin ne.

Shekaru aru-aru ba mu san "fata mai saurin ƙonewa" a matsayin ciwon gama-gari ba sai da man haɗi ya cika gari. Sinadaran da ake zubawa a ciki, haidurokwinon da magungunan sitiroyid da wani lokaci zaiba, suna cinye kaurin fata. Fatar ido kuwa ita ce mafi siranta a jiki duka, ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma ba ta da maiƙon kanta sosai, don haka ita ke fara nunawa. Kowa ya san fuskar: kumatu sun yi ja, ƙasan ido ya yi baƙi kamar an shafa gawayi, ana taɓawa ana jin raɗaɗi. "Mai ne ya ƙona ni," haka ake faɗa a ɗakin gyaran jiki, da murya ƙasa-ƙasa. Sitiroyid a kusa da ido har hawan ruwan ido yana iya jawowa, mai kai wa ga makanta. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a ƙasar nan. Wadda ta daina haɗi, fatarta na ɓarewa, ita ce ta fara neman abu mai sanyi, kuma a daidai lokacin ne masu saro kaya suka fara ɗora kwalaben Koriya a WhatsApp.

Ban ce man ba shi da amfani ba. Nagarinsa ba turare a ciki, yana da sinadaran da ke riƙe ruwa a fata da masu toshe tsagewarta, kuma na ga wadda ya taimaka. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu masu sayarwa ke tallarsa da "yana sa haske", wato su mayar da mace kan hanyar da ta gudo, ga jabu da ba lambar hukuma a jikinsa.

Game da man kaɗe kuwa, a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida, tunda Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da shi amma riba kaɗan take gani. Ranar lefen nan, da hayaniya ta lafa, na karɓi kwalbar na juya bayanta. A cikin jerin ƙananan rubutun akwai Butyrospermum Parkii, sunan da ya samo asali daga Mungo Park. Na karanta wa gwaggo, na ce mata man kaɗe ke nan. Ta karɓa ta buɗe, ta sunsuna, ta lakata kaɗan ta murza a bayan hannunta, sannan ta aiki yaro Kurmi ya sayo curin man kaɗe guda biyu a haɗa a akwatin.