Yadda itace ya dawo gonakin Agiye

Jama'a, duk wanda ya bi hanya daga Cadawa zuwa Agiye ya wuce Gazawa yau zai ga gawo, kalgo da sabara tsaye cikin gonaki har iyakar ganinsa. Yaranmu suna zaton haka ƙasar take tun fil'azal. A tambayi dattawa. Shekaru 40 da suka wuce, mutum na iya tsayawa bakin wani gari ya hango rumbunan garin gaba, babu abin da ya tare masa ido.

Tun zamanin Faransawa aka matsa wa mutane noman gyada don biyan haraji, daji ya riƙa komawa gona. Malaman gona suka koyar da cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take tsaf, ba kututture ko ɗaya, don garmar shanu ta wuce. Ga kuma dokar gandun daji, wadda ta ce itace na gwamnati ne ko da a gonar gado ya tsiro. Ka sare reshe, a ci ka tara. To wa zai yi renon abin da zai jawo masa gardi? Sai mutane suka riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami. Fari na 1973 da 1974 ya zo, sannan na 1984, yunwar da muke kira El Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Iska ta samu fili. Manomi ya shuka hatsi, rairayi ya binne, ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata kuwa da kara da kashin shanu suke girki.

An kashe kuɗi da yawa wajen dashe, galibi dalbejiya da turare, amma mafi yawansu ba su kai bazara ta biyu ba. Tony Rinaudo, wani mutumin Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maradi, yana cikin masu wannan wahala. A 1983 ya tsaya a hanya don rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, ya duba wani ƙaramin tsiro da kyau, ya gane ba ciyawa ba ce. Kututturen itace ne da saiwarsa ke raye a ƙasa, yana tofowa kowace shekara, ana sassabe shi kowace shekara. Dabarar ba ta da wuya: ka zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan ka bari, ka datse sauran, ka kare su daga dabbobi. Shi ne sassabin zamani.

Da farko mutane sun ƙi. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, kuma da abincin ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Wannan wurin ne masu ba da labari suke tsallakewa, alhali a ganinmu nan ne zancen yake. Waɗanda suka bar nasu sun ga hatsi bai ragu ba, ga itacen girki, ga ganyen dabbobi a rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ba tare da buhu ko ɗaya ba.

A Dan Saga, nan ƙasar Agiye, ana ba da labarin 'yan ci-rani da suka dawo a makare ba su samu yin sassabe ba, sai gonakinsu suka fi na masu sharewa kyau, don sabara ta tare iska. Amma abin da ya sa sunan garin ya fita shi ne kwamitin tsaro. Itacen da ka rena shekara uku, wani na iya sare shi cikin dare ɗaya. Mutanen gari suka kafa dokokinsu, suka sa mata da Fulani makiyaya a ciki, suka yanka tara ga mai sata. Ayyukan asusun FIDA a Agiye, musamman PPILDA, sun tallafa wa wannan tsari ya bazu. Hukuma ma ta sassauto: dokar gandun daji ta 2004, sai dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙi kan itacen da ya rena a gonarsa.

Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou, Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi Maradi da Damagaram. A matsalar abinci ta 2005, gidajen da ke da itace sun sayar da reshe sun sayi hatsi. Rinaudo ya karɓi lambar Right Livelihood a 2018, kodayake gatari da lauje na manomanmu ne.

Yanzu gonakin gado suna ta rarrabuwa tsakanin 'ya'ya, mai ɗan guntun fili yana ƙirga kowace inuwa. Buƙatar itacen girki a birnin Maradi kullum ƙaruwa take, kuma a garuruwan da kwamiti ya daina zama, an fara jin sara da dare. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina kuwa har yau ba shi da tabbacin cewa gawon da ya bari zai zama nasa.