Daga Gonakin Ingila Zuwa Rumbunmu: Tarihin Gubar Funfunar Masara

Dabbobi ne suka fara tona asirin gubar da ke ɓuya a cikin masara. A shekarar 1960, talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila, masana suka rasa gane cutar. Da aka bi diddigi, sai aka tarar tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Burazil don ciyar da su ce ta yi funfuna. Sunan wannan funfuna Aspergillus flavus, daga nan aka raɗa wa gubarta suna aflatoksin.

Ba a jima ba ta isa ga mutane. A 1974, a jihohin Gujarat da Rajasthan na Indiya, mutum fiye da 100 suka rasu bayan cin masarar da ta sha ruwan sama ta yi funfuna. A 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta, 125 suka riga mu gidan gaskiya. Masarar gonarsu ce, an adana ta da sauran danshi. Cutar kan zo da amai da shawara da kumburin ciki, sannan hanta ta gaza.

Sai dai ɓarnar da ta fi yawa a hankali take zuwa. Gubar da ake ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana haddasa sankarar hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tafasa tuwo ko dama kunu ba ya kashe ta. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar dusa kuwa takan fitar da ita a nononta.

A kantar magungunan asibitinmu babu ƙwayar da ke karya wannan guba, shi ya sa nake roƙonka ka tare ta tun daga rumbu. Ka shanya masara a kan tabarma ko tamfol har ta bushe ƙayau. Ka ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango mai laima. Kafin a kai niƙa, a tsince duk ƙwayar da ta sauya launi ko ƙwari suka huda, kada kuma a zuba wa dabbobi. A yi wa yara rigakafin ciwon hanta B. In ido ya yi rawaya bayan amai, a garzaya asibiti da sauran masarar a hannu.